Daga Fata Zuwa Gilashi: Littafin Aikin Gwajin Kuturta a Ɗakinmu

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yau muka zauna da likitar fata da shugaban ɗakin gwaje-gwaje, aka tsayar da magana. Daga wannan wata, duk wanda aka turo asibitinmu ana zargin kuturta amma lamarinsa bai fito fili ba, za a ɗebi gutsuren fatarsa a kawo mana. Ni ne mai sarrafawa da yanka da rini da ƙirga. Likitan da ke karanta gilashi ya sa hannu a sakamako yana zuwa daga asibitin koyarwa kowace Talata.

Shugaba ya yi tambayar da ta dace: a kan me za mu kashe kuɗin sinadari, alhali ana gane kuturta da ido da hannu? Gaskiyarsa. Alamomi uku ne ake nema, ɗaya ta isa: tabo mai haske ko ja-ja wanda ba ya jin taɓi, ko jijiya da ta yi kauri tare da mutuwar ji ko raunin gaɓar da take yi wa aiki, ko ganin ƙwayar cutar a ruwan fata. Rabon marasa lafiya ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa shi yadda ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya. Tabo ɗaya zuwa biyar, PB ke nan, mai ƙarancin ƙwaya, magani wata shida. Fiye da biyar, ko jijiya ta taɓu, ko an ga ƙwaya, MB ke nan, wata goma sha biyu. Maganin kyauta ne, kuma tun 2018 hukumar ta ba da shawarar a haɗa wa kowa guda ukun nan, rifamfisin da dafson da kulofazimin.

Amsar likitar ita ce ƙirgen tabo ya wadatar ga yawancin mutane, amma ba yawancin mutane ake turo mata ba. Ita ragowar take samu, waɗanda ƙirge ya rikita. Abin da muke son gani a wannan aiki shi ne a ina madubin ganin ƙwayoyin cuta yake sauya hukunci, a ina kuma maimaita abin da hannu ya riga ya faɗa kawai yake yi.

Laraba, 17 ga Satumba

Haɗa rini. Ƙwayar kuturta dangin ta tarin fuka ce, dukansu jikinsu lulluɓe yake da wani maiƙo mai riƙe jan rini ko an wanke da asid. Sai dai riƙon ta kuturta bai kai na 'yar'uwarta ba. In aka bi da ita hanyar Ziehl-Neelsen wato rinin da muke yi wa majinar masu tarin fuka, zailin da alkohol, sinadaran da ake wanke yankan nama da su, za su kwashe maiƙon, asid mai ƙarfi ya kwashe launin, ka duba gilashi ka rantse babu komai alhali fatar cike take. Shi ya sa ake bin hanyar Fite-Faraco, wadda George Fite na Amurka da abokan aikinsa suka daidaita a 1947 a kan aikin Faraco ɗan Burazil.

Sirrin hanyar man gyaɗa ne. Kashi biyu na zailin, kashi ɗaya na man gyaɗa, da shi ake narkar da kakin da aka daskarar da naman a ciki kafin a yanka, man ya kare maiƙon ƙwayar. Ba a sa alkohol ko kaɗan a wannan mataki, da takardar tsotsa ake busarwa. Sai jan rinin kabol-fuksin na minti ashirin zuwa talatin ba tare da ɗumamawa ba, sai asid mai sauƙi, kashi biyar cikin ɗari na salfurik, sai shuɗin metilin sama-sama don jan ya fito. Ɗalibar da ke koyon aiki a wurinmu ta yi dariya da na aike ta kasuwa. Na ce ta samo wanda aka tace sosai, ba na ƙuli-ƙuli mai laka a gindin kwalba ba, muka sake tace shi da takarda.

Ruwan kurkura ma sai tatacce. A ruwan famfo da na tanki akwai dangin wannan ƙwaya da ke zaune abinsu, su ma jan suke ɗauka, guda ɗaya ta maƙale a gilashi ta isa ta jawo wa mai lafiya shekara yana shan magani.

Abin da ya rage shi ne gutsuren shaida, wato naman da muka tabbata yana da ƙwayar, wanda za a riƙa rinawa tare da kowane rukuni. Wannan ƙwaya ba a shuka ta a faranti. Tun da Armauer Hansen ya gan ta a birnin Bergen na Nowe a 1873 ba wanda ya iya rainon ta a kwalba. Sai a tafin ƙafar ɓera, dabarar da Charles Shepard ya fito da ita a 1960, ko a jikin wata dabbar nahiyar Amurka mai suna amadilo. Mu ba mu da ko ɗaya. Kafin mu sami shaida, duk gilashin da ban ga komai ba zan rubuta cewa an rina ba tare da shaida ba, kada a dogara da shi.

Litinin, 29 ga Satumba

Gutsattsarin farko sun iso daga ɗakin fata, kuma yawancinsu ba su yi zurfi ba. Fatar sama ce da ɗan abin da ke ƙarƙashinta. Na ɗauki ɗaya na hau sama na nuna wa likitar da matasan likitocin da ke tare da ita.

Na ce, ranki ya daɗe, abin da muke nema yana ƙasa. Ƙananan jijiyoyin ji suna tafe ne tare da hanyoyin jini da matsattsarar gumi a can gindin fata, dab da kitse. Kuturta kuwa ciwon jijiya ce kafin ta zama ciwon fata, ƙwayar tana shiga cikin rigar jijiyar ta zauna. Gutsuren da babu jijiya a ciki zai iya nuna mana kumburi, amma ba zai faɗi sunan mai kumburin ba. Muka yi yarjejeniya: ƙarfen huda mai faɗin milimita huɗu zuwa shida, a murza har sai an ga rawayan kitse, in tabon mai baki ne a ɗauka daga bakin da ya tasa, ba tsakiyar da ta lafa ba, kada a matse naman da hantsaki, a jefa shi nan take cikin ruwan adana nama, fomalin kashi goma cikin ɗari, ruwan ya ninka naman sau goma aƙalla. A takardar kuma a rubuta yawan tabbai, da ko suna ji, da jijiyoyin da aka laluba.

Wannan na ƙarshe shi na fi matsa wa. Takardar da aka rubuta wa "tabo a baya" kawai ba ta taimaki kowa ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An haɗa mu da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kula da kuturta na ƙaramar hukuma. Horonsa na cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa ne da ke Saye a Zariya, kuma ya yi zamani da tsofaffin ma'aikatan da suka fito daga asibitocin mishan irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. Baba muke ce masa. Ya zo ya koya mana tsagar fata, aikin da ya kusa ɓacewa tun da aka koma ƙirga tabo.

Kallon hannunsa ma karatu ne. Yakan kama fatar kunne ta ƙasa, wurin da mata ke huda ɗan kunne, ya matse tsakanin babban yatsa da manuni har jini ya janye wurin ya yi fari. Ya tsaga da reza kamar tsawon milimita biyar, zurfin biyu zuwa uku, bai saki matsin ba, ya juya bakin rezar ya kankaro ruwan naman, ya shafa a gilashi ɗan da'ira. Jini bai shiga ba. "Ɗana, in ka ga ja a rezarka ka goge ka sake. Jini ruwa yake ƙara wa abin, ya kuma ɓata maka rini." Kunne ake fara nema domin ƙwayar wuri mai sanyi take so: kunne, hanci, goshi, gwiwar hannu. Sai kuma a ɗauka daga bakin tabon da ya fi tashi.

Ƙirgen da ma'aunin Ridley ake yi, daga sifili zuwa shida, da babban idon madubi na mai. Fili shi ne da'irar da ido ke gani a leƙe ɗaya. Ƙwaya ɗaya zuwa goma a fili ɗari, 1+. Ɗaya zuwa goma a fili goma, 2+. Ɗaya zuwa goma a kowane fili, 3+. Daga nan kowane mataki ninki goma ne, har 6+ inda suka wuce dubu a fili guda. Ba a cewa sifili sai an bi fili ɗari cif. Kuma sifili ba ya nufin babu. Sai ƙwayoyi sun kai wajen dubu goma a giram ɗaya na nama kafin tsaga ta fara kama su.

Talata, 21 ga Oktoba

Mun sami shaida. Wani magidanci mai sana'ar dako, shekarunsa za su yi arba'in, ya shekara biyu yana yawon kemis da masu maganin gargajiya saboda toshewar hanci da haɓo. Ba shi da tabo ko ɗaya da za ka nuna da yatsa. Fatar fuskarsa ce ta yi kauri tana ƙyalli, kunnuwa sun yi ƙulli-ƙulli, gefen girarsa ya zube. Da ƙirgen tabo za a bi, sifili ne lissafinsa. Tsagar kunne ta ba da 5+.

A yankan fatar, fatar sama ta yi siriri ta miƙe. Ƙarƙashinta akwai ɗan siririn fili fes da ba abin da ya shiga. Daga nan zuwa kitse kuwa cunkoso ne na makurofaj, ƙwayoyin jikin da aikinsu haɗiye baƙo su narkar da shi. Sun haɗiye amma sun kasa narkarwa, cikinsu ya yi kumfa-kumfa. Limfosayit, waɗanda su ne ke ba da umarnin yaƙi, 'yan tsiraru ne. Da muka ɗora na Fite, ɗalibar ta ɗago kai ta ce ko rinin ne ya zube. Ba zuba ba ce. Jajayen sanduna ne, ɗaiɗai da dami-dami, wasu sun cure sun cika ƙwayar da ta haɗiye su. Jijiyoyi na nan da siffarsu, amma cike da ƙwaya. Likita ya rubuta LL, wato nau'in kuturta da ya fi kowanne yawan ƙwaya.

An fara masa magani yau, an kuma ce ya kawo mutanen gidansa. Irinsa ne ke yaɗa cutar ta numfashi da majinar hanci ga waɗanda suka daɗe tare da shi, ba mai dungun yatsu da ya gama magani shekara ashirin da suka wuce ba, wanda shi jama'a ke gudu. Da ya fara sha kuwa yaɗawar ta tsaya cikin ɗan lokaci.

Na sake rina duk gutsattsarin baya tare da nasa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yau likita ya ba ɗalibai darasi a kan gilashi biyu, na ɗan dako da na wata matashiya mai tabo ɗaya a damtse, busasshe, ba gashi, ba gumi, ba ta jin auduga a kansa ko kaɗan.

Nata kishiyar nasa ne ta kowace fuska. Makurofaj ɗinta sun rikiɗe sun yi jiki sun haɗa kafaɗa, sun zama curi-curi masu iyaka, abin da ake kira giranuloma. A ciki akwai manyan ƙwayoyin Langhans masu cibiyoyi da yawa jere a gefe, limfosayit sun kewaye curin sun yi kauri. Curin bai bar wancan siririn fili ba, ya hau har ya ci gindin fatar sama. Ƙwayar cuta ko ɗaya ba mu gani ba, alhali shaidarmu ta yi ja zur. Jijiya kuwa sai da muka wahala kafin muka gane ta: wani curi dogo da ke bin hanyar da jijiya ya kamata ta bi, a tsakiyarsa 'yan zare-zare masu lanƙwasa, ragowarta ke nan.

Wannan shi ne abin da Dennis Ridley da William Jopling suka tsara a Landan a 1966, ɗaya mai madubi ɗaya mai duba marasa lafiya. Ƙwayar iri ɗaya ce, jikin da ta shiga ne ya bambanta. A gefe guda TT, mai garkuwar da ta tashi da ƙarfi ta kashe ƙwayar, amma a garin yaƙin ta ƙone jijiyar da ƙwayar ta ɓuya a ciki. A ɗaya gefen LL, wanda garkuwarsa ba ta ma ɗauki ƙwayar a matsayin abokiyar gaba ba. Tsakaninsu BT da BB da BL, kuma a nan yawancin mutane suke. BT curinsa ya ɗan saki, jijiya ta kumbura amma ana gane ta, ƙwaya babu ko 'yar kaɗan. BB babu manyan ƙwayoyin nan, limfosayit a warwatse, ƙwaya matsakaiciya, kuma ba ya daɗewa a wurin, ko ya hau ko ya gangara. BL makurofaj sun rinjaya, limfosayit da yawa a wasu sassa, rigar jijiya ta yi ninki-ninki kamar an yanka albasa.

Wani ɗalibi ya tambaya wanne ya fi sauƙi. Likita ya ce ya danganta da wanda ka tambaya, maƙwabta ko yatsun mai ciwon. Na matashiyar TT aka rubuta. A nan madubi bai sauya komai ba. Baba ya faɗi haka tun ranar da ya shafa mata auduga.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Injin sarrafa nama ya tsaya tsakar dare da aka ɗauke wuta, gutsattsari suka kwana a zailin suka yi tauri. Daga yau na fata da hannu zan riƙa bi da su, kwalba-kwalba, da rana, tunda ƙanana ne. Kakin kuma a murhun gas.

Talata, 25 ga Nuwamba

Ga irin wanda aka buɗe aikin nan dominsa. Wani tela, an turo shi daga ƙaramin asibiti da katin PB a hannu, har ya sha wata ɗaya. Tabbai uku aka ƙirga masa, biyu a baya ɗaya a cinya, kuma ma'aikacin bai yi kuskuren ƙirge ba, uku ne ake gani. Abin da ya tsaya wa likitar fata a rai shi ne siffarsu: tsakiya ta lotsa da iyaka kaifi, bakin waje kuwa ya baje ya narke cikin lafiyayyar fata, jin taɓi ya ragu amma bai mutu ba.

Tsagar bakin tabo 4+. Tsagar kunne, wanda ido bai ga komai a jikinsa ba, 2+. A yanka, makurofaj shimfiɗe, wasu sun fara kumfa, limfosayit cunkus a wani sashe, jijiya da ninkin rigar nan, siririn fili a ƙarƙashin fatar sama. BL.

A baƙar fata, tabon da ya baje ba ya ihu. Ja-jan da littattafan Turai ke nunawa a hoto, a jikinmu ɗan ƙyalli ne ko launin tagulla wanda sai a hasken rana, a karkace, ake kama shi. A ɗakin da taga ɗaya ce za a ƙirga uku a bar goma. Da telan nan ya tsaya a wata shida, da an sallame shi da ƙwaya a jiki, kuma ba wanda zai gargaɗe shi game da rikicin garkuwa da masu irin nasa suka fi fuskanta. An sauya masa kati zuwa wata goma sha biyu.

Ra'ayina, kuma na faɗa a gaban shugaba: a wannan lamari tsaga ce ta yi aikin, ba yanka ba. Reza ɗaya, gilashi ɗaya, rinin da kowane ɗakin gwajin tarin fuka yake da shi, illa a rage ƙarfin asid zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. Yankan ya ba mu suna mai kyau na rubutawa, amma tsawon magani tun ranar tsaga aka san shi. Da ni ke rabon kuɗi, da na fara mayar da tsaga ƙananan asibitoci kafin in sayi injin yanka na biyu.

Laraba, 10 ga Disamba

Sai ga wanda tsaga ba za ta iya ba. Wata dattijuwa da faffaɗan tabo a kumatu zuwa kunne, ya yi shekaru yana ci gaba ta gefe ɗaya yana barin tamoji a ɗaya gefen. A garinsu an riga an yanke hukunci, har an ware mata kwano. Gwajin auduga a fuska ba abin dogaro ba ne, domin jijiyoyin fuska suna da yawa, wata na rufa wa wata. Tsaga sifili, wanda bai raba gardama ba tunda TT ma sifili take bayarwa.

Jiya likita ya daɗe a kan gilashinta. Giranuloma ne, da ƙwayoyin Langhans, kallon farko sak na matashiyar nan. Amma curin ba ya bin hanyar jijiya, kuma can ƙasa ga ƙananan jijiyoyi biyu lafiya lau, curi na gefensu bai taɓa su ba. A tsakiyar wasu curin akwai ɗan ruɓewa, abin da a kuturta ba a cika ganinsa ba sai a cikin jijiya kanta. Ya rubuta cewa wannan ya fi kama da tarin fuka na fata, a bincika ƙirji da kaluluwar wuya. Ya ce in da babu ruɓewar, da sakoyidosis ma na cikin lissafi. Ciwon lishmaniya da tsohon tunjere su ma suna yin curi irin wannan.

Ba ƙaramin abu ba ne. Maganin kuturta rifamfisin sau ɗaya a wata yake ɗauke da shi. A ba mai tarin fuka wannan, ba a warkar da shi ba, an kuma koya wa ƙwayarsa jure maganin da ya fi kowanne muhimmanci a kanta. Da gutsuren ya tsaya a sama kamar na watan Satumba, da jijiyoyin nan biyu ba su shigo gilashi ba.

Litinin, 22 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Kaki na yankuwa da daɗi yanzu, ba sai an ɗora a ƙanƙara ba, amma ƙura na sauka a kan ruwan shimfiɗa yanka, sai an rufe komai.

Mutanen gidan ɗan dako sun zo. Waɗanda aka duba ba a ga komai ba an ba su rifamfisin sha ɗaya na rigakafi, yadda aka tanada ga makusanta daga shekara biyu zuwa sama. Saura 'yarsa mai shekara tara. Tana da tabo ɗaya a ɗuwawu, ɗan haske kawai, bai tasa ba, ba iyaka sosai. An kankare an duba, ba kyasbi ba ne. Gwajin auduga kuwa yau ta ce ta ji, an jima ta ce ba ta ji ba, tana kallon fuskar uwarta. Ba a ba mai cutar sha ɗaya, ba a kuma ɗora wa mai lafiya wata shida, don haka maganar ta dawo kanmu.

Yankan farko bai ce komai ba sai 'yan limfosayit kewaye da hanyoyin jini da saiwar gashi, abin da cututtukan fata da dama ke yi. Babu curi, babu kumfa. Abu ɗaya ne ya hana likita rufe maganar, wata ƙaramar jijiya da limfosayit suka yi wa zobe, biyu-uku har sun kutsa ciki. Ya ce in ci gaba da yanka a jere, in rina Fite a kowane mataki.

Talata, 6 ga Janairu, 2026

An same ta. Sanda ɗaya, ja, miƙaƙƙiya, kwance a cikin jijiyar bisa tsawonta, a yanka mai zurfi. Na kira likita bai ce komai ba sai da ya juya madubin sama da ƙasa ya tabbata a cikin naman take, ba a kansa ta faɗo ba. Kuturta ce a matakin farko, wanda bai riga ya karkata ko'ina ba. Da yawan irin wannan kan warke da kansu, wasu kuma su gangara, kuma ba mai iya faɗa maka wanne ne wanne.

Sai gardama ta tashi. Baba ya ce an ga ƙwaya, don haka MB, shekara guda, shi haka ya sani. Likitar fata ta ce ƙa'idar ƙwayar da aka gani a tsaga take nufi, tsagar yarinyar kuwa sifili ce, tabo ɗaya, jijiyoyin gwiwar hannu da wuya da bayan gwiwa duk lafiya. Ƙwaya ɗaya da aka tono bayan yanka mai yawa ita ce ma'anar ƙarancin ƙwaya. "Baba, in na ba ta shekara, kulofazimin zai sa fatarta ta yi duhu a makaranta, kowa ya tambaya." Baba ya ce duhu na washewa, yatsa ba ya tsirowa. An tsaya a wata shida da dubawa kowane wata. Ni ina bayan likitar, amma na lura Baba ya rubuta sunan unguwarsu a ɗan littafinsa.

Talata, 13 ga Janairu

Ɗan dako ya dawo a rikice: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, jajayen ƙulli masu zafi a hannuwa da cinyoyi, sun fito cikin kwana biyu. Ya ce maganin ne ya tayar masa da cutar, zai daina. Ƙaninsa ma ya ce ga shi ya ƙara baƙi.

An ɗauki ɗaya daga sababbin ƙullin, mai zurfi har kitse. A kan tsohon cunkoson makurofaj sai ga nutrofil, ƙwayoyin da ke yin mugunya, sun malalo har cikin kitse, bangon ƙananan hanyoyin jini ya kumbura. A Fite kuwa abin farin ciki: sandunan da a Oktoba suke miƙaƙƙu masu launi ɗaya, yanzu yawancinsu sun karairaye sun zama ɗigo-ɗigo. Matattu ne. Rikicin garkuwa nau'i na biyu ke nan, jiki na faɗa da gawarwakin ƙwayar. Yawan ƙwayar a ma'auni bai sauka ba, kuma ba a sa ran ya sauka yanzu, domin jiki kan ɗauki kamar shekara kafin ya share mataki ɗaya. Wanda bai san haka ba, in ya ga 5+ bayan wata uku, zai ce magani bai yi ba. Siffar ake kallo.

Likitar ta sa shi ya leƙa madubin da kansa, gilashin Oktoba da na yau. Ta ƙara masa furednisolon, maganin kwantar da kumburi, ta ce kada ya tsallake ko kwana ɗaya na maganin asali. Duhun fatar aikin kulofazimin ne, yana washewa a hankali bayan an gama. Baba ya gaya masa cewa maganin nan a ƙasarmu aka fara gwada shi a jikin masu kuturta, a Uzuakoli ta jihar Abiya ta yanzu, farkon shekarun 1960, a hannun Stanley Browne, bayan an ƙirƙiro shi a Dublin. Ban san ko wannan ya rage masa zafi ba, amma ya karɓi katinsa.

Litinin, 26 ga Janairu

Jiya Ranar Kuturta ta Duniya, Lahadin ƙarshe ta Janairu. An yi shiri a rediyo, yau layin ɗakin fata har waje. Kusan duk kyasbi ne da makero da kirci, an sallame su bayan gwajin auduga da kankarar fata. Biyu kawai aka tsaga. Yawan masu kuturta a Najeriya ya sauka ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu goma tun 1998, abin da ya sa mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, suka ɗauka an gama. Amma har yanzu ana samun sababbin masu cutar sama da dubu biyu a yawancin shekaru, da yara a cikinsu.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Na ciro gilasan Fite na Oktoba don haɗa waɗanda za a aika wani ɗakin gwaji ya sake karantawa ba tare da ganin sakamakonmu ba. Jan ya fara kodewa a waɗanda suka zauna kusa da taga. Daga yau akwatin duhu, kuma duk gilashin da aka ga ƙwaya a ɗauki hotonsa ranar da aka rina. Na yarinyar nan shi na fara ɗauka.

Gutsuren shaida ya kusa ƙarewa. Ragowar naman telan zai maye gurbinsa, kuma ya ma fi dacewa, domin mai 5+ ko rini ya yi rauni zai nuna ja, mai ƙwaya kaɗan ne ke tona asirin rinin da ya lalace.

Shugaba ya amince a kira masu duba majina na ƙananan asibitoci huɗu su zo Baba ya koya musu tsaga bayan salla. Na rubuta abin da za a tanada: reza, gilasai sababbi ba wankakku ba, fitilar sifirit, da kwalbar asid mai kashi ɗaya da za a yi wa alama da jan fenti don kada a haɗa ta da ta tarin fuka. Telan zai zo ranar Alhamis. Ya aiko cewa tabon cinyarsa ya kumbura ya yi zafi, kuma ƙaramin yatsansa na dama ya fara sanyi in yana riƙe almakashi. Likitar ta ce kada ya jira Alhamis, ya zo gobe da safe.